Gado da Akwatin Wifi

Shekara ashirin da shida Malam Gado ya yi yana kula da injinan ban-ruwa a fadamar Jiratawa. Da idonsa ya fara rauni, ɗiyarsa Lubna, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauko shi da matarsa Tsahara ta kawo su gidanta a Sabon Garin Maraɗi. Zaman bai yi masa daɗi ba. Mutumin da manoma ke aika masa kabu-kabu tun da safe ya koma yini a kan tabarma, ba mai tambayarsa komai sai ko ya ci abinci.

Lubna tana ƙaro karatu ta intanet, darasinta bayan azahar. Da bazara ta kama, sai akwatin wifi ɗinta ya soma yanke rezo, wato layin intanet, a daidai lokacin. Sau biyu ta kai shi wurin masu gyara a kasuwa, suka ce lafiyarsa lau. Ran nan Gado ya ji ta tana kuka ƙasa-ƙasa, saura kwana tara jarrabawa.

Ya ce, "Da safe yana yankewa?"

"A'a, Baba. Sai rana ta take."

"Kai ni wurinsa."

Akwatin yana kan firji, dab da rufin kwano, an lulluɓe shi da ƙyallen saƙa. Gado ya ɗora tafin hannunsa, ya janye da sauri.

Tsahara ta ce, "Ni na rufe shi. Na ga abu mai tsada a buɗe."

"Ba ki yi laifi ba. Amma ramukan nan na jikinsa, ta nan yake shan iska. Inji in ya yi zafi tsayawa yake."

Ya sa aka sauko da shi. Da lalube ya kafa katako a bangon da rana ba ta dukansa, kusa da randa, ya ɗora akwatin kan murafun kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Ranar rezo bai yanke ba. Washegari ya yanke sau ɗaya, Gado ya zauna yana yi masa fifita har aka tashi darasi.

Lubna ta ci jarrabawarta. Ta ba wata abokiyar aikinta labari, ita kuma ta ba mijinta, Bilal, mai shagon buga takardu a Tibiri. Ranar Talata Bilal ya zo da mota ya yi sallama, ya ce yana neman Malam Gado ya je ya duba masa injinan shagonsa. Tsohon ya ce a miƙo masa hularsa, kuma kada a jira shi da abincin rana.