San da Malam Ya Ajiye wa Biki

Ni ban iya riƙe alƙalami ba. Maƙwabciyata ce take rubutawa, na kuwa gaya mata kada ta sassauta mini magana ko da ta ji na yi zafi. In ta ga na yi shiru ina goge ido da bakin mayafi, ta jira ni.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, tela ne a Tudun Wada. Malam nake ce masa. Shekarar da za mu aurar da 'yarmu ta fari, ana dab da biki gobara ta cinye shagonsa, keken ɗinki da yadudduka da komai. Ba mu ɗaga ranar ba, don an riga an raba goro. Na dafa abin da Allah ya hore: tuwon masara da miyar kuka, dambun zogale, ɗanwake, rama da ƙuli. Ko ƙashi babu a tukunyata.

Da dangin ango suka zo, akwai ƙanwar ubansa a cikinsu, wadda kowa ke kira Goggo. Ta buɗe kwano, ta juya ludayi, ta sake juyawa, sannan ta ɗaga murya ta ce, "A'a, ashe awaki aka gayyato! Ku miƙo mana igiya mu ɗaure kanmu a turke."

Mata suka fashe da dariya. Malam yana zaure, kuma zaurenmu ba shi da nisa da tsakar gida. Ranar bai ci komai ba. Shekara da shekaru a unguwa, in miya ba ta da nama sai a ce ta bikin awaki ce. Har yara sun ɗauka, ba su ma san asalinta ba.

Da 'yar nan ta haifi mace, Malam ya riga ya farfaɗo. Ya sayi karsana, ranar suna ya jawo ta har ƙofar ɗaki, ya sa bakin igiyar a tafin jaririya. Amininsa, wani makiyayi da ke bayan Kwadon, yana tsaye. Shi aka ba kiwo. Karsana ta yi albarka, ta haifa, 'ya'yanta suka haifa. A ciwonsa na ƙarshe, da ƙyar yake taka ƙasa, Malam ya sa aka kai mu rugar. Ya nuna wani farin maraƙi daga zuriyar karsanar da sandarsa.

"Wannan na bikin amaryata ne," in ji shi, haka yake kiran jikar. "Ko ba na nan, ki tabbata Goggo ta ci har ta nemi tsinken sakace."

Ya tafi kafin damina ta sauka. Na riƙe maganar kamar yadda ake riƙe garwashi.

Bara aka sa ranar yarinyar. Aka kira ni gidan uwarta a Gabukka, wai za a tsara abincin walima. Na yi wanka na tafi da murnata, ina lissafin wa za a ba cinya, wa za a ba ƙirji. Na tarar da su a falo da mai girkin da suka ɗauko, wata mata 'yar kudu, Kirista, mai ladabi, har ƙasa ta gaishe ni. Ba ni da abin cewa a kanta. Aikinta aka kira ta.

Jikata ta zauna a gefen ƙafata tana matsa mini gwiwa, daga nan na san akwai magana.

"Kaka, kin san na daina cin nama tun ina makaranta. Angon ma ba ya ci. Muna so a walimarmu kada a zubar da jini."

"To a soya muku ƙwai, ku biyu, a ba mutane abinci."

"Ƙwai ma ba ma ci."

"Nono fa?"

"Ba ma sha."

"Man shanu?"

Ta girgiza kai tana murmushi. Na ce, "Ke ja'ira, da me kika girma? Da ruwan randa?"

Suka yi dariya, sun ɗauka wasan kaka da jika ne. Mai girki ta fara faɗin abin da suka shirya. Awara da yaji. Alale ba ƙwai. Shinkafa da ganye. Dambun zogale. Ɗanwake da man gyaɗa. Rama da ƙuli, wai a ƙananan kwanonin tangaran. Kunun aya, zoɓo. Tana faɗa ina jin kamar ana karanto mini ranar da ba na son tunawa.

Na juya kan uwar yarinyar. Ba na kiran sunanta, 'yar fari ce, amma ranar saura kaɗan. Na ce, "Ke ma kina zaune? A kanki aka yi mana wancan cin fuskar."

"Inna, zamani ne. Yanzu masu kuɗi ma shi suke nema. Likitoci suna yabonsa."

"Ubanki ba likita ya nema ba. Mutuncinsa ya nema."

Ban ci abincinsu ba. Washegari na hau mota zuwa Kwadon, daga can ɗan acaɓa ya shiga da ni ruga. Niyyata ɗaya: in sa a kawo farin san da Malam ya nuna gidana a Tudun Wada, a yanka a ƙofar zauren da Malam ya zauna ya haɗiye baƙin ciki, in aika wa Goggo da hannu guda. Su can su ci ganyensu.

Makiyayin ya tsufa shi ma. Bappan yara nake ce masa. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kindirmo. San yana nan, ya zama ƙato, tozonsa har ya kwanta gefe. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana tsokanar ƙasa da sanda.

"Yaya, da kaina zan kora shi har Gombe. Amma sai mai shi ta ce."

"Mai shi yana kabari. Ni ya bar wa wasiyya, a gabanka."

"A gabana kuma ya sa igiya a hannun yarinya. A wajenmu, dabbar da aka sa wa yaro igiyarta a hannu ta zama tasa, ita da duk abin da ta haifa. Uban da ya bayar ma ba ya taɓawa sai ya roƙa."

Na yi masa faɗa, na kira shi maci amana. Ya ciro waya ya sa aka kira ta, ya miƙo mini. Na roƙi jikata. Ni, da furfurata, na roƙi yarinyar da na yi wa wankan jego tare da uwarta.

Tana kuka ta ce, "Kaka, in nawa ne, ki bar mini shi da ransa. Shi ne abin da ya rage mini na hannun Malam."

Na ce, "Ni kuma me ya rage mini?" Na miƙa masa wayarsa.

Na je walimar. Da ban je ba sai a ce hassada nake wa jinina. Katafaren ɗakin taro ne, fitilu kamar rana. Aka zaunar da ni a teburin manya, kuma wa zan gani kusa da ni? Goggo. An turo ta a keken marasa lafiya, haƙora sun zube. Aka ajiye mana rama a ɗan kwanon tangaran, da cokali mai yatsu. Ina jiran ta buɗe baki. Na shirya mata amsa tun shekarun da ban san adadinsu ba.

Ta ci. Ta ƙara. Ta sa yatsa ta suɗe kwanon. Sannan ta dafa hannuna.

"Hajiya, wannan ya tuna mini da bikin uwar amarya. Ke kika yi mana dambu ranar, ko? Kai, an ci daɗi. Yanzu ina ake samun irin hannunki?"

Na zuba mata ido ko zan ga ba'a. Babu. Wallahi ta manta. Maganar da ta hana mijina cin abinci, wadda ta sa ya yi ta taka keke har idonsa ya raunana, wadda ya tafi da ita kabari, ita ta tofar ta wuce kamar ɓawon gyaɗa. Na so in tuna mata. Na buɗe baki, sai na ga miyau yana bin haɓarta, jikanta na goge mata. Wa zan yi faɗa da shi?

Mutane sun yaba abincin, ba zan ɓoye ba. Amarya ta zo ta durƙusa, na sa mata albarka, kuma har zuciyata na sa. Amma ban taɓa ramar nan ba.

San yana can bayan Kwadon har yau. Bappan yara ya aiko mini cewa ya yi nauyi, ba ya son tafiya kiwo mai nisa. Shi yana ƙiba a inuwa, wanda ya nuna shi da sanda yana ƙarƙashin ƙasa da alkawarin da na kasa cika masa. Idan na yi masa addu'a bayan sallah, nakan gaya masa an yi biki lafiya. Sauran ban san yadda zan faɗa masa ba.