Odessa Pruitt da Shan Kwana

Odessa Pruitt ta shafe shekaru tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a gabashin Detroit, ni kuma ina tuƙa wadda ke bayan tata a layi, shi ya sa na san ta ciki da waje. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, wadda in ta ɗaga murya sau ɗaya yara sukan yi tsit har a kai su gida. Mahaifinta a masana'antar mota ya tsufa yana ɗaura injina, kuma a hannunsa ta gaji wata tsohuwar mota ƙirar Chevelle, ja, mai silinda takwas. In ta tayar da ita da safe, tagogin maƙwabta har kaɗawa suke.

Ƙanenta Virgil, autan gidansu, tsohon soja ne da aka taɓa turawa Jamus. Ya dawo da son motocin can, ya yi ta tara kuɗi har ya sayi wata Porsche ta hannu, ƙarama, fara, mai kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare. Tun daga ranar musu ya tare a gidan.

Duk Lahadi bayan an taso daga coci mukan taru a harabar gidan Odessa, tana gasa kaji da masara, su biyun suna ta musu.

"Yaya, wannan taki ai ba mota ba ce," in ji Virgil. "Tarakta ce aka shafa wa fenti."

"Kai Auta, rufa wa kanka asiri. Kuɗin birkin wannan 'yar tsanar taka ya isa in sake wa tawa rabin inji. Ni kayan gyarana a bayan layi nake samu, kai sai ka jira jirgin ruwa."

"Ke kuma kullum kina gidan mai, har sun san sunayen jikokinki."

A miƙaƙƙen filin tsere kuwa babu gardama. Da an kunna koriyar fitila sai Chevelle ta yi ruri, ta ɗaga hanci, ta bar Virgil yana shaƙar hayaƙin taya. Ta yi masa haka ya fi a ƙirga. Rannan ya gaji ya ce, "Tafiya a miƙe ai ko jirgin ƙasa ya iya. In kin isa, zo filin da ke da kwana."

Ta je. Na raka ta wani fili a yammacin jihar, mai hawa da gangara, kwalta tana murɗewa cikin ciyayi. A miƙen farko ta wuce kowa. Da ta iso kwana sai ta taka birki, motar ta ƙi ji, nauyin injin ya ja ta gaba, bayanta ya juyo, ta yi wulwul ta faɗa cikin ciyawa tana kallon inda ta fito. Virgil ya zo ya wuce cikin natsuwa, har da ɗaga mata hannu.

Ba ta ji ciwo ba, ta fito ta cire hular kwano. Na ce, "Dessa, mu tafi gida. Kin haye hamsin, wa za ki burge?"

Ta ce, "Motar ba ta yi laifi ba. Ni ce ban iya ba, kuma zan iya."

Daga nan rayuwarta ta koma gareji. Lokacin sanyi, da ƙanƙara ta rufe titi, tana kwance ƙarƙashin motar da 'yar hita a gefe. Ta sake birki gaba da baya, ta sa faffaɗan taya, ta ƙarfafa shokozoba, ta cire kujerar baya don a rage nauyi. Wani mai tara tsofaffin motoci ya taya motar da kuɗin da ya fi na motar Virgil, ya kuma roƙe ta ta daina taɓa ta, wai tana zubar mata da daraja. Ta ba shi kofi, ta raka shi ƙofa.

Da bazara ta shiga ajin masu koyon tuƙin tsere, ta zauna cikin samarin da ta haife su. Malamin ya ce babbar matsalarta ƙafar dama ce, ba ta son rabuwa da totur. Sai ta koyi taka birki da wuri, ta shiga kwana a hankali, ta jira hancin motar ya miƙe sannan ta saki ƙarfin injin. Ta sake faɗawa ciyawa, ta fasa fitila, sau ɗaya har jan motar aka yi zuwa gida. Duk da haka kowace Asabar tana can.

A shekara ta uku suka sake karawa. Virgil yana tsere mata a kwanoni, ita tana cinye tazarar a miƙe. A zagayen ƙarshe ta shiga kwanar nan da ta taɓa kayar da ita, ta fito sumul, hancin Chevelle yana dab da bayansa. Shi ya riga ta tsallake layi, amma da ƙyar.

Ya fito yana share gumi. "Yaya, na ji ruri a ƙeyata, na zaci tirela ce birkinta ya tsinke."

"Badi za ka ji shi a gabanka."

Badin ba ta zo musu yadda suka so ba. Ciwon suga ya taɓa wa Virgil idanu, gani ya yi ta raguwa har likita ya hana shi tuƙi. Ya lulluɓe motarsa da tamfol, ya daina zuwa cin kaji, ko waya ba ya ɗauka. Matarsa ta gaya mana ya ce a nemo mai saye.

Odessa ta je gidan da sassafe, ta yaye tamfol ɗin, ta ƙwala masa kira. "Auta, miƙo makulli, ka sa takalmi."

"Ke da kika ce 'yar tsana ce?"

"Har yanzu 'yar tsana ce. Shiga, ni zan ja, kai ka yi surutun da ka saba."

Ta kai shi filin, shi a kujerar gefe da hular kwano a ka. Ko da ba ya gani sosai, jikinsa ya san kowace kwana. Daga baya ta ba ni labari yana ta ihu, "Kada ki taka tukuna! Wannan ba taraktarki ba ce, bar ta ta shiga da gudunta!" Ta ce ta daure ta bi maganarsa, motar kuwa ta manne da kwalta kamar an shafa mata gam. Da suka tsaya, Virgil yana dariya hawaye na zuba.

Na tambaye ta, "To yanzu wacce ta fi?"

Ta ce, "Tasa tana gyara maka kuskurenka. Tawa sai ka gyara kanka kafin ta yarda da kai. A kwana dai na sallama masa. Amma kada ka gaya masa."

Ba a sayar da ko ɗaya ba. Odessa ta yi ritaya, kuma duk Asabar ta bazara takan biya ta ɗauki ƙanenta. Wani mako su fita da farar, wani mako da jar. A cikin jar ma shi ke faɗa mata inda za ta taka birki, ita kuma tana ce masa ya kama bakinsa ya riƙe kujera da kyau.