Dutsen Niƙan Bahaguwa

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba aka yi wannan. Bayan mun gama sussukar dawa, Inna mahaifiyata ta ce in kai ta kan dutsen Kwatarkwashi ta ga gidan da aka haife ta. Idonta ya fara rufewa, ta kuma san in ba bana ba, shi ke nan. Ni dai raina bai so ba. Magidanci kamata, ga aiki jingim, a ce in tafi neman kufai?

Mutanenmu sun zauna can sama ne don tsoron mahara, da ƙasa ta lafa suka sauko. Da hantsi muka kama hawa, wani wurin ta dafa ni, wani wurin in goya ta. A bakin wani kogo muka huta. Jikin bangonsa akwai shanu masu dogayen ƙaho, an zana su da jar ƙasa. Ta ce kakanninta ma haka suka tarar da su, ba wanda ya san mai hannun.

Can sama kuwa kufai duk iri ɗaya: kewayen duwatsu, gindin rumbu, tsingaro, sai ciyawa. Har azahar muna zagaye. Na gaji, sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na nuna wani kango haka kawai, na ce, "Inna, ga shi nan."

Ba ta musa ba. Ta yi sallama a inda ƙofa take a da, ta durƙusa, ta lalubo kwarmin da matan gidan suka ƙwaƙule a jikin dutse da niƙan hatsi. Ta daɗe tana shafa shi.

"Wanga ba namu ba ne," in ji ta. "Uwata bahaguwa ce. Nata ya fi ci ta hagu."

Ba ta yi mini faɗa ba, wallahi da ma ta yi. Na zaunar da ita a inuwa, na bi gidajen da rarrafe ina shafa kowane kwarmi. Dab da la'asar na samu wanda ya zurma ta hagu, gindin wata kuka. Na koma na ɗauko ta.

Ta sa hannu ciki, ta tura gaba, ta jawo baya, a hankali. Sai ta nuna mini wani ɗan dutse a gefe.

"Zaunar da ni can," ta ce. "Nan nake zama in jira uwata ta gama niƙa."