Goma-goman Malam Sabi'u

Shekara bakwai ke nan a wannan watan da muka binne Malam Sabi'u a wata maƙabarta da ke bayan garin Kuala Lumpur, nesa da Gumel inda aka haife shi. Duk shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana annobar nan ta hana ni ajiyewa, domin akwai godiyar da ya kamata in yi masa a bainar jama'a, akwai kuma laifina da ban taɓa faɗa ba.

Bene ɗaya muka zauna a Pantai Dalam, kusa da jami'a, kowa na neman digirin digirgir. Ni injiniya nake karanta, shi tarihi. Tarihin ma ba na Kano ko Borno ba, na Turai a tsakiyar zamani, wato ƙarnonin da suka biyo bayan rushewar daular Rum, kafin Turawa su bazama cikin teku. Ba irin tsiyar da ba mu yi masa ba. Bahaushe, Musulmi, a ƙasar Malay, yana bin diddigin Turawan da ƙasa ta cinye tuntuni! Har suna muka laƙaba masa irin na limaman coci, Fada Sabi'u. Shi kuwa sai ya gyara hula ya ɗaga mana hannu wai yana sa mana albarka.

A shagon mamak da ke ƙasan benenmu, inda Indiyawan Musulmi ke sayar da shayi da roti, nan muka yi karatun da ba mu nema ba. Daga bakinsa na ji cewa mutanen wancan zamani sun kasa kansu gida uku, masu addu'a da masu yaƙi da masu noma, kuma kowa ya ɗauka Allah ne ya ajiye shi a inda yake. Ƙararrawar coci ce ke tashinsu, ita ke sallamarsu daga gona. Talaka ba ya barin ƙasar ubangidansa sai da izini, kuma Sabi'u bai taɓa ɓoye cewa wannan zalunci ne ba. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne a wancan zamani babu mutumin da ke tsaye shi kaɗai. Kowa na da ubangida, ko ƙungiyar sana'a, ko cocin ƙauye, kuma horon da suka fi tsoro shi ne a yanke mutum daga jama'a, a hana shi ibada tare da mutane.

Hatta gardamarsa irin tasu ce. Ya ce malaman makarantunsu, waɗanda suka sha littattafan da aka fassara musu daga Larabci, sun yarda hankali ba kishiyar imani ba ne, kuma kafin su rushe maganar abokin gardama sai sun fara jero hujjojinsa da ƙarfinsu. Haka yake yi mana. Sai ya faɗi ra'ayinka fiye da yadda kai za ka iya faɗa, kana gyaɗa kai kana jin daɗi, sannan ya bi shi ya warware a hankali. Na sha tashi daga teburin nan da haushi.

Wata rana, bayan wani ɗalibi ya yi kwana uku a asibiti ba wanda ya sani, Sabi'u ya zo taron 'yan Arewa da shawara. Ya ce a ƙauyukan Ingila na da, ana haɗa maza goma-goma su yi rantsuwar tsaya wa juna, in ɗaya ya yi laifi sauran tara ne za su nemo shi. "Su don kama ɓarawo suka yi," in ji shi, "mu mu yi don kama marar lafiya." Aka yi dariya, aka kuma yarda, galibi don a huta da bakinsa. Aka raba mu goma-goma, maza da nasu mata da nasu, kowace goma da shugabanta, aikinsa kawai ya san halin mutanensa kowane mako. Ni aka ba gomar da shi kansa Sabi'u ke ciki.

Shekara biyu bayan haka ban gan shi a masallacin Juma'a ba, sai na kira shi a waya. Ya ce lafiya lau, ɗan zazzaɓi ne, ya sha magani. Ina da gwaji a ɗakin bincike a makon, na ce Allah ya sauwaƙe, na kashe waya. Zazzaɓin dengi ne, irin wanda sauron ƙasar nan ke sa wa mutane. Kafin maƙwabcinsa ya kai shi asibiti jini ya riga ya ɓalle masa a ciki, ranar Talata ya rasu. Hawa biyu ne tsakanin ɗakina da nasa, kuma ban hau ba. Na san halinmu sarai, Bahaushe ko yana gargara in ka tambaye shi zai ce da sauƙi, don kada ya ɗora wa wani nauyi. Na sani, amma na karɓi amsar saboda ita ce ta fi mini sauƙi. Bayan jana'iza muka ƙara ƙa'ida ɗaya: murya ba ta isa ba, sai an ga mutum da ido.

Na gama karatu na sami koyarwa a wata kwaleji a Setapak, muka koma can da iyalina, amma ban saki gomata ba. Da annoba ta zo aka rufe gari, aka rufe masallatai, kullum sai in tambayi kaina me Sabi'u zai ce. Ya taɓa ba mu labarin babbar annobar da ta share garuruwan Turai, yadda wasu suka yi ta yawo suna tsula wa kansu bulala don neman gafara, wasu suka huce a kan Yahudawa da baƙi wai su suka zuba guba a rijiyoyi. Na tabbata da ya ga yadda aka riƙa hararar leburorin ƙasashen waje a kasuwar Chow Kit, da ya ce ɗan Adam bai sake hali ba. Gardamar rigakafi da ta raba zaurenmu na waya kuwa, da shi kaɗai zai iya zama ya faɗi tsoron kowane ɓangare ba tare da ya mai da kowa wawa ba. Na yi kewarsa ƙwarai a watannin nan.

A gomata akwai Alhaji Garba, dattijo daga Birnin Kebbi, wanda ya zo karatu bayan rasuwar Sabi'u. Iyalinsa sun je gida hutu aka rufe iyaka, ya rage shi kaɗai a ɗakinsa a Pantai Dalam. Saboda dokar hana fita mun mai da ganin ido ya koma kiran bidiyo. A wani mako Alhaji ya ce kyamararsa ta lalace. Washegari ya daina ɗaukar kira, sai saƙo: "Alhamdulillah Dakta, ba komai." Nan take na tuna Sabi'u. Amma matata na da ciwon asma, ina tsoron in kwaso mata cuta, ga shingayen 'yan sanda a hanya. Na wuni ina kawo wa kaina hujjoji, har da cewa babban mutum ne, ba zai so a yi masa kutse ba.

Matata ce ta katse ni. "Baban Ilham, tun safe kake zagaye falo. Ka sa takunkumi biyu ka tafi, in ka dawo ka kwana a ɗakin baƙi." Ta zuba farfesu a kula ta miƙo mini.

A shinge na nuna wa ɗan sanda kular, na haɗa ɗan yaren Malay da na iya na ce yayana ne ba lafiya. Ya dube ni, ya dubi kular, ya ce "Boleh," wato an yarda, ya ɗaga mini hannu in wuce. Na buga ƙofar Alhaji na ja da baya. Ya daɗe kafin ya buɗe, yana dafe da bango, sanye da hula, wai don kada in gan shi a hargitse.

"Dakta, ka wahalar da kanka. Mura ce kawai."

"Alhaji, ka yi haƙuri, karanta mini Fatiha in ji."

Ya harare ni, ya fara. Bai kai aya ta uku ba numfashi ya ƙwace masa, ya sulale ya zauna a bakin ƙofa. Nan na kira motar asibiti, yana ɗaga mini hannu wai kada a tara masa jama'a. Ya yi kusan wata guda a kwance, kwanaki da dama da na'urar numfashi. Likitar da ta kula da shi ta ce mini da ya ƙara kwana ɗaya a ɗakin, da wani labarin ake yi.

Sabi'u bai gama kundinsa ba, babu littafi da sunansa, sababbin ɗalibai ma sun ɗauka goma-goma al'ada ce da muka taho da ita daga gida. Abin da ya rage nasa shi ne wannan ɗabi'a ta zuwa ƙofar mutum ko bai kira ka ba, wadda ya tono daga ƙauyukan mutanen da ba addininmu ɗaya ba, ya wanke ta ya ba mu. Na gode masa, na kuma gode wa Allah da ya sake ba ni dama bayan na yi sakaci da ta farko.

Da aka sassauta doka, Alhaji Garba ya matsa sai na kai shi kabarin. A hanya na gaya masa duk abin da na rubuta a nan, har da hawa biyun da ban hau ba. Muka isa maƙabartar. Ya tsaya a kan kabarin mutumin da bai taɓa gani ba, ya ɗaga hannu yana nema masa gafara, yana hutawa tsakanin kalma da kalma, ni ina amin hawaye na zuba. Matarsa da 'ya'yansa huɗu na jiransa a Birnin Kebbi, kuma wata mai zuwa, in Allah ya yarda, da ƙafarsa zai shiga gidan.