Ranar da kwamfutar asibiti ta tsaya jiran kanta

Jiya da hantsi kwamfutar ɗakin gwajin jini ta ƙame a hannuna. Fankar cikinta na juyawa, amma ko harafi ɗaya ba ya shiga.

Ni na rubuta ɓangaren manhajar da ke ajiye fayil, a ɗan asibitin da nake aiki a Anka. Sakamakon gwajin gubar dalma na yaran ƙauyen Yargalma yana ciki, bai ajiyu ba. In na kashe, ya tafi. Ga iyayensu mata zaune a baranda, kuma kun san hanyar nan, ba a cewa mutum ya sake biyo ta gobe.



Baba Mudi mai gwajin jini ya leƙo. "Mi taka jira, ɗana?"

Na ce, "Kanta take jira, Baba. Ta kulle fayil za ta rubuta, sai ta nemi wuri a ƙwaƙwalwarta. Wurin ba zai samu ba sai an kwashe wasu bayanai zuwa fayil ɗin, shi kuwa ita ta kulle shi."

Ya ce, "Ashe ramin zinari ka sauka da igiyar duka a hannunka. Wa za shi jawo ka?"

Dole muka kashe. Aka sake tsira wa yaran allura, ina jin kukansu ta taga.

Na gyara, yanzu sai ta tanadi wuri kafin ta kulle komai. Amma yau da zan danna ajiyewa, sai da na runtse ido.

Masu irin wannan aiki, don Allah tsoron yana wucewa kuwa?