Sumie-san, Mai Zana Abin da ke Bayan Masoya

Ƙarfe takwas saura kwata Kuwabara Sumie take sauka daga jirgin ƙasa a Nerima, ta sayi curin shinkafa biyu a bakin tasha, ta hau bene zuwa ɗakin zanen Hozumi-sensei, shugabarta da muke kira Sensei, wato malama. Kafin kowa ya iso ta wanke bakin alƙaluma, ta ɗora shayi, ta zauna a teburinta na jikin taga. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa ni Nagase, da nake zuwa karɓar shafuka in kai mujalla tun ina sabuwar edita, na ga ya kamata in faɗi abin da na shaida.

Duk yarinyar da ta taso tana karanta Laima Ɗaya, labarin soyayyar nan mai zane, ta san Sensei, don sunanta ne a bangon littafin. Ita ke zana fuskoki da hawaye, da saurayin nan da aka yi littafi goma sha huɗu bai iya buɗe baki ya ce yana so ba. Sauran duk na Sumie-san ne: titi, tasha, ruwan sama, tagar aji. Sensei takan tsokane ta, wai ita kaɗai ce masoya za su rungumi juna a gabanta amma hankalinta na kan rufin gida. Ko ɗago kai Sumie-san ba ta yi, sai ta ce ai gara a samu mai duba musu yoyo.

Garin cikin labarin ba daga ka ta ƙago shi ba. Wani ƙaramin garin masunta ne a arewa, inda take zuwa duk bazara da kyamara da littafin zane. Na sha yi mata mita, don takan kashe yini guda a kan allon shagon da ba wanda zai duba, ga maɗaba'a tana jiranmu.

Sai shekarar da teku ya cinye garin. Bayan wata huɗu wasiƙa ta iso ofis daga wata Onodera Michiyo, da ke zaune a ɗakunan wucin gadi na waɗanda suka tsira. Ta ce a littafi na tara, bayan masoyan da ke sallama, shagon awarar mahaifiyarta ne. Ruwan ya tafi da uwar, ko hoto ɗaya bai rage ba. Roƙonta shi ne ta ga shagon ba tare da mutum biyun nan sun tare ƙofar ba.

Na kai wa Sumie-san wasiƙar, na kuma tuna mata saura kwana shida a rufe mujalla. Ta karanta sau biyu, ta dubi Sensei.

"Je ki yi," in ji Sensei. "Wannan watan su yi soyayyarsu a fili fetal, ba abin da zai same su."

Haka fitowar ta fita kusan babu komai a bayan mutane, har masu karatu suka riƙa yabon sabon salo.

Da kanta Sumie-san ta kai zanen shagon, ni na raka ta. Michiyo-san ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa kan wata 'yar kujera a bakin ƙofa, ta ce wannan ai ba ta fito a littafi ba, ina ta san da ita?

"Sau biyu mahaifiyarki ta zaunar da ni a kanta," in ji Sumie-san. "Ta ce zane a tsaye zai kashe min baya."

Michiyo-san ta yi dariya, ta yi kuka, ta fita ta kira maƙwabta. Kafin mu tashi mutum goma sha ɗaya sun tambayi nasu gidajen. Shekara uku Sumie-san ta yi tana zana su a ranakun hutunta, har gida ɗari da arba'in. Wanda ba ta da hotonsa, ta zaunar da mai shi ya kwatanta mata taga bayan taga. Da aka zo sake gina layin kasuwa a kan tudu, zanenta aka shimfiɗa don kowa ya koma kusa da maƙwabcinsa na da.

Sumie-san, ke ce mai aikin da ido ke wucewa ta kansa. Ke ce kika kula da gidajen mutanen da ba su san kina yi ba, har ranar da suka rasa su suka tarar kin adana musu. Mitar da na yi miki, ki yafe min. Mun gode, mu da kika haƙura da mu, da 'yan matan da suka girma a titunanki.

Ku da aikinku ba ya fitowa a bango, ku yi koyi da ita, ku yi shi da kyau ko ba mai dubawa. Ita dai ta riga ta sayi tikitin motar arewa. Michiyo-san ta buɗe sabon shagon awara, ta kuma aiko cewa akwai layi guda na sababbin gidaje da ba a zana ba tukuna.