Notin da Baba bai liƙe ba

Baba mai walda ne. Shekara talatin da huɗu yana haɗa ƙyauren ƙarfe a wata rumfa bayan tashar mota. Aji uku ya yi a firamare ya fita, amma ban taɓa ganin ƙofar da ya kafa ta cije ba. Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa suka mayar abin tsokana: duk abin da ya ƙera sai ya bar noti ɗaya bai liƙe shi da wuta ba. Wai ƙarfe yana motsi, gini yana zama, wata rana za a so a ɗan gyara. Har laƙabi suka sa masa, Saura Noti, shi kuwa ko a jikinsa.

Ni 'yarsa ta fari na ƙare a ɗakin gwaje-gwaje, ina binciken wani furotin da ke zaune a fatar ƙwayar halitta yana shigar da sukari daga waje zuwa ciki. Zaɓe gare shi: sukari iri ɗaya yake ɗauka, ya bar wani da ya fi shi ƙanƙanta. Shekara huɗu na yi a kansa. Da na gwada bayanin a gaban malamina, sai ya cire tabarau ya ce, "Aikin ya yi, amma in haka za ki yi magana ranar kare kundi, ba wanda zai gane ki." Saura mako biyu.

Na tafi rumfar Baba na zauna a benci ina cika ina batsewa, har ya kashe injin ya saurare ni.

"Uwata," ya ce, "wace irin ƙofa ce babba zai wuce, ƙarami ya tsaya?"

Na ce ba rami ba ne, aljihu ne mai wurare uku a ciki. Sai sukarin ya taɓa ukun a lokaci guda, sannan furotin ya rufe ta waje ya buɗe ta ciki. Ƙaramin yana shiga, amma biyu kawai yake taɓawa.

"To ai ga shi kin faɗa. Me ya hana ki gaya musu haka?"

Cikin kwana huɗu ya ƙera mini akwatin ƙarfe mai murfi biyu, da ƙusa uku a ciki, da ƙwallayen ƙarfe na boris manya da ƙanana. Tun kafin ya fara na roƙe shi, "Baba, don Allah wannan karon ka liƙe komai, kada abu ya kwance mini a gaban farfesoshi." Ya ce, "To." Na manta cewa Inna ta daɗe da gaya mana abin da "to" ɗin Baba ke nufi.

Ranar kare kundin, Baba ya zauna a layin ƙarshe, ya cusa hannuwansa masu tabon wuta tsakanin gwiwoyi. Na jefa babbar ƙwallo, murfin waje ya rufe, ta faɗo ta ciki. Na jefa ƙarama, ta yi ta ƙwal-ƙwal a aljihun, ba abin da ya motsa. Mutane suka gyara zama.

Sai farfesar da aka gayyato daga wata jami'a ta buɗe kundin ta ce, "A babi na huɗu kin ce da kika canza wuri ɗaya cikin ukun, furotin ya fara ɗaukar ƙaramin. Wannan shi ne sabon abin da kika gano. Akwatin zai nuna mana?"

Ni da bakina na ce a liƙe komai. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji gyaran murya daga baya.

"Uwata, kifa shi."

Na kifa. Ga noti nan a ƙasa, ba a liƙe ba. Baba ya taso ya miƙo mini sifana daga aljihunsa. Na murza sau biyu, ƙusa ta uku ta matso ciki. Na jefa ƙaramar ƙwallo, murfi ya rufe, ta faɗo ta ciki.

Farfesar ta tambaya a wane sashe injiniyan da ya ƙera akwatin yake aiki.

"Bayan tashar mota, ranki ya daɗe," in ji Baba.

Na ci jarrabawar. Ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da shi a ranar ba, kuma na gaya masa haka a bakin ƙofa, ina hawaye. Ya ɗan kawar da kai, ya miƙo hannu.

"Ba ni sifanata, Dakta. Ina da ƙofar da zan kafa da yamma."